Wanda Kukansa Ya Ƙare

Ranar da na kama aikin jinya, tun Yobe tana cikin tsohuwar Jihar Borno, Sistar da aka haɗa ni da ita ba ta fara nuna mini ɗakin magani ba. Hannuna ta ja zuwa baranda, inda jama'a suka cika benci har wasu na zaune a ƙasa, ta ce, "Yarinya, duba mini nan, wa za ki fara ɗauka?" Na nuna wani mutum da ya naɗe hannu da ƙyalle, jini ya jiƙa shi, yana ta salati da ƙarfi. Ta girgiza kai. Can ƙarshen benci akwai wata Bafulatana da goyo, ba ta ce wa kowa uffan ba. Sista ta sa ta sauke goyon. Idanun yaron sun faɗa, maɗigarsa ta lotsa. Ta ɗan tsunkuli fatar cikinsa ta saki, fatar ta tsaya a tattare, ta ƙi komawa. Ta ce, "Mai ihu yana da sauran numfashi. Wannan ko kukan ma ya ƙare masa."

Wannan tsari na fara duba wanda ciwonsa ya fi tsanani baƙo ne a wurinmu, kuma ya daɗe yana karo da tarbiyyarmu. Mu da muka tashi tsakanin Nguru da Gashuwa, Manga ne ko Bade, Bahaushe ne ko Bafulatani, an koya mana cewa babba shi ne gaba: a bakin rijiya, a wurin cin tuwo, a ƙofar fada. Tarbiyya ce mai kyau, ina kuma alfahari da ita. Sai dai ciwo bai san furfura ba.

Jirgin ƙasa ya iso Nguru daga Kano a 1930, garin ya zama matattarar gyaɗa da fatu da ƙaro. Gashuwa kuma ta ƙara cika bayan da sarautar Bade ta baro Gogaram ta dawo cikinta a 1946. Maganin Bature ya shigo wa talakawan wannan yanki ta ɗakunan shan magani na En'e, inda disfensa da diresa ke wanke gyambo, suna ba da maganin tsutsa da na zazzaɓi. Yadda iyayenmu suka ba mu labari, ƙa'idar wurin ita ce kati da layi: wanda ya yi sammako shi ne farko, sai fa in wani mai rawani ya iso a dare masa. Tun da yawancin abin da ake kawowa ciwo ne mai iya jira, tsarin bai cika nuna aibinsa ba. Mai ciwon da ba ya jira kuwa, sau da yawa a kan jaki ko amalanke yake cikawa kafin a iso gari.

Can a Faransa aka fara rubuta ɗaya ƙa'idar. Dominique Larrey, babban likitan fiɗa na rundunar Napoliyon, shi ya kafa cewa a fagen fama wanda rauninsa ya fi muni shi ake fara dubawa, ko hafsa ne ko ƙaramin soja. Kalmar da likitocin duniya ke kiran abin da ita daga Faransanci take, ma'anarta tsincewa, irin yadda ake ware hajja mai kyau da ta biyu. Duk lokacin da na tuna wannan sai in ga matan da ke zama a kan tabarma a Nguru suna tsince ƙaro, fari gefe guda, mai ƙasa-ƙasa gefe guda, ido da yatsa kawai suke aiki.

Mu dai ba littafi ne ya cusa mana darasin ba, sanƙarau na 1996 ne. A bazarar shekarar cutar ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, kusan duk a Arewa, ta kashe sama da 11,000. Inda nake aiki gadaje suka ƙare tun makon farko, muka koma shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin darbejiya muna rataye ledar ƙarin ruwa a reshe. Maganin da muke yi allurar kuloramfenikol ce mai mai, mai kauri, wadda sai ka danna da ƙarfin babban yatsa take shiga. Akori-kura za ta tsaya da mutum takwas ko goma daga ƙauye ɗaya, kowa da mai jinyarsa yana roƙo. A nan kati ya rasa amfani. Ina bi ina tallafo ƙeya in ji ko wuya ya sandare, in kira suna in ga ko ido zai biyo ni. Wanda ya fita hayyacinsa ko yake shiɗewa, nan take. Wanda yake iya haɗiye ruwa, ya ɗan dakata. Akwai kuma rukuni na uku da har yau ba na son tunawa, waɗanda muka san allura ba za ta cim musu ba, muka bar su a hannun 'yan'uwansu ana yi musu kalmar shahada, muka wuce ga na kusa da su. Na yi kuka a bayan ɗaki ba sau ɗaya ba, amma da mun bi layi da gawar ta fi haka yawa.

Daga baya ne abin da Sistata ke yi da ido ya zama rubutaccen tsarin tantance yara, kuma daga Afirka ya fito. A asibitin Queen Elizabeth da ke Blantyre a Malawi, wajen 2001, aka sa nas a bakin ƙofa tana tantance yara tun kafin a yanki kati. Mutuwar yaran da aka kwantar ta sauko daga tsakanin kashi 10 zuwa 18 cikin ɗari ta koma kashi 6 zuwa 8. A 2005 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da littafin horo a kan wannan. Afirka ta Kudu kuma ta tsara nata da launuka: ja, ruwan lemo, rawaya, kore. Da na zauna a ajin horon, sai na ga yawancinsa na sani. Ka danna farcen yaro ka saki. In jini bai dawo ba har bayan daƙiƙa 3, ga hannu ya yi sanyi, to a ruga da shi. Jaririn da bai kai wata 2 ba, ba ya zaman layi. Tafin hannu ya yi fari fat a lokacin damina, maleriya ta shanye jini, a nemi mai ba da jini tun yanzu.

Wannan yanki yana da nasa masu shirun da littafin bai san su sosai ba. Manomin da kububuwa ta sara a gona yakan shigo da ƙafarsa yana gaisawa da mutane, sai ka ce ya buɗe baki ka ga dasashi na zubar da jini. Mai ciki da ta ce kanta na sarawa, idonta na ganin hazo-hazo, jijjiga ce ke tafe. Sai kuma ciwon ƙoda, wanda ya addabi ƙasar Bade shekara da shekaru. Magidanci zai zauna tsaf da hularsa, ƙafa a kumbure, yana shaƙuwa, ka tambaye shi yaushe rabonsa da fitsari ya ce shekaranjiya. Wannan ya fi mai karaya kusa da kabari.

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana a ƙi duba wanda aka kawo cikin halin gaggawa bisa kowane dalili. Abin da ke ci mini rai shi ne har gobe 'yar takarda daga wani babba ko rashin kuɗin kati suna iya juya layi, kuma nas ƙarama ce ake bari ta tsaya ita kaɗai a gaban mai faɗa.

Na taɓa shan wannan faɗan daga wani Alhaji, sa'an mahaifina, da na tsallake shi na ɗauki wata yarinya mai amai da gudawa. Ya ce tun asuba yake zaune, ko ban san girma ba ne? Na durƙusa na ce, "Baba, ka yi haƙuri, kai za ka kai azahar. Ita ban sani ba." Ya dube ni, ya dubi yarinyar da kanta ke lilo a kafaɗar uwarta. Ba mu da sandar rataye ruwa a ranar, duk suna ɗaki. Ya miƙe, ya naɗe hannun babbar rigarsa, ya karɓi ledar ya ɗaga sama, yana tsaye har ta ƙare muka sa ta biyu.