Kanwa da Dutsen da ke Aman Irinta

Kanwa tsohuwar haja ce a hanyar Gwanja. Fatake daga Kano da Katsina sukan ɗora ta a kan jakuna, su bi ta Yandi har Salga, su komo da goro. Ana samunta a ƙasar Manga da Muniyo da bakin Tafkin Chadi, inda ruwa ke ƙafewa da rani ya bar ta a ƙasa. Da yaƙin basasa ya tarwatsa Salga a 1892, 'yan kasuwa suka bazu cikin wasu garuruwa, kuma Tamale ta bunƙasa bayan da Turawan Ingila suka mai da ita hedkwatar yankin arewa a 1907. Har yau matan Changli, kamar na sauran unguwannin Tamale, suna jefa kanwa a miyar kuɓewa da ta ayoyo.

Duk kanwar nan ta bakin ruwa ce. To, amma akwai dutse guda a duniya da ke aman narkakken abu mai sinadari irin na kanwa, wato Oldoinyo Lengai da ke arewacin Tanzaniya. Shi ya taimaka wajen kashe wata doguwar gardama.

A 1921 wani masani ɗan Norwe, Brøgger, ya bayyana wasu duwatsu a Fen waɗanda ake kira kabonatait. Suna kama da dutsen farar ƙasa, amma ya ce daga narkakken dutse suka daskare. Masana da yawa suka ƙi yarda, suka ce ai farar ƙasa ce kawai da zafi ya taɓa. A 1960 Baturen Ingila J. B. Dawson ya shiga bakin Lengai ya ga aman da idonsa. Yana fitowa baƙi, zafinsa bai wuce digiri 600 ba, wajen rabin na sauran duwatsu masu aman wuta ke nan, sannan da ya sha danshin iska sai ya koma fari. Ɗaya daga cikin ma'adinan da ke cikinsa ma an ba shi sunan Julius Nyerere.

Sai wani sabon ƙorafi ya taso. Kusa da dutsen akwai Tafkin Natron, cike da kanwa. Ko kanwar tafki ce wuta ta narkar ta amayar? Tambayar tana da ma'ana, amma awo bai goyi bayanta ba. Sinadarin kabon iri biyu ne masu ɗorewa, mai nauyin 12 da mai nauyin 13, iskar oksijin kuma tana da mai 16 da mai 18. Waɗannan su ake kira aisotof. Kanwar tafki, saboda ƙafewar ruwa, ta fi tara masu nauyin. Da aka auna sabon aman Lengai, sai aka ga ya dace da abin da ke fitowa daga can ƙarƙashin ɓawon duniya, ba da na tafki ba.

Wannan bambanci yana da muhimmanci ga masu haƙar ma'adinai, domin a cikin kabonatait ake samun yawancin ƙarfen niyobiyam na duniya, musamman a Araxá ta Barazil. Gana ma tana da nata a Kpong, kusa da Kogin Bolta, mai shekaru kimanin miliyan 590.