Lambar shasi: abin da take faɗa game da motar hannu, da abin da ba ta faɗa

A tsohon garin Sakkwato, a unguwannin da ke kewaye da Hubbaren Shehu, cinikin mota na hannu yakan tafi ne bisa amana: dillali ya san mai saye, mai saye ya san dangin dillali. Sai dai motar kanta daga nesa ta fito, sau da yawa daga Amurka ko Turai ta tashar Kwatano ko ta Legas, kuma babu wanda ya ga rayuwarta ta farko a cikin masu cinikin. Shaidar wannan rayuwa tana cikin lambar shasi, wadda ake kira VIN.

Tun shekarar 1981 motocin da ake sayarwa a Amurka ke ɗauke da lamba mai haruffa da alƙaluma 17, kuma ba a sa I da O da Q a cikinta don kada a ruɗa su da 1 da 0. Ukun farko suna nuna ƙasa da kamfani. J na Japan ne, W na Jamus, 2 na Kanada, 1 da 4 da 5 kuma na Amurka. Shi ya sa Camry da aka haɗa a Kentucky ke farawa da 4T1. Na goma shi ne shekarar ƙira: 9 na nufin 2009, A na nufin 2010, C kuma 2012. Wannan gurbi ɗaya ya isa ya warware gardama idan an canza wa tsohuwar mota fitilu da bamba aka kira ta sabon yayi.

Ana ganin lambar ta gilashin gaba a gefen direba, da jikin ginshiƙin ƙofarsa, sannan a buge a ƙarfen motar. Dole ukun su yi daidai da juna, su kuma yi daidai da takardu. Alamar walda, ko sabon fenti a kewayen lambar, dalili ne na fasa ciniki.

Da lambar ake sayen rahoto daga Carfax ko AutoCheck, wanda ke nuna haɗurran da aka kai rahotonsu, da nisan tafiyar da aka rubuta a lokuta daban-daban, da ko inshora ta yanke cewa motar ta lalace. Yawancin irin waɗannan ana gwanjonsu ne a Copart ko IAA, kuma sau da yawa hotunan ranar gwanjon suna nan a intanet. Motar da ta bugu a gefe tana iya gyaruwa. Wadda ambaliya ta shanye, kamar dubban da guguwar Harvey ta nutsar a Houston a 2017, ita ce abin gudu, domin ruwa yana cin wayoyi a hankali, sai bayan watanni matsalar ta bayyana. A kuma lura: mil ɗaya ya kai kusan kilomita 1.6.

Rahoton yana tsayawa ne a ranar da motar ta hau jirgin ruwa. Bai san komai ba kan abin da ya same ta a nan, kuma motocin da ba na kasuwar Amurka ba ƙila a samu bayaninsu kaɗan ne.

Ga mai saye a Sakkwato, wannan giɓin shi ne ya fi haɗari. Tun 1 ga Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, ga kuma iyakar Illela da Birnin Ƙonni a kusa. Motar da ba a biya mata kuɗin fito ba, kwastam na iya kama ta a hannun wanda ya saya, ko da bai san yadda ta shigo ba. Daga 2022 hukumar kwastam ta fara ƙiyasta kuɗin fito da wannan lamba, don haka kafin a biya, a kai takardun ofishinta a tantance cewa lambar da ke jikinsu ita ce ke jikin motar.