Ma'aunin Falke: Yadda Ake Tantance Sabon Ɗan Kasuwa a Zamanin Fataucin Goro

Fataucin goro tsakanin ƙasar Hausa da Gwanja, wato yankin da yake arewacin Ghana a yau, yana cikin tsofaffin sana'o'in da suka haɗa Hausawa da sauran al'ummun Afirka ta Yamma. Tarihin Kano ya danganta buɗewar hanyar da zamanin Sarki Abdullahi Burja, wanda ya yi mulki daga 1438 zuwa 1452, amma fataucin bai kai ƙololuwarsa ba sai a ƙarni na 19, lokacin da Daular Usmaniyya ta haɗa manyan kasuwannin Hausa ƙarƙashin tuta ɗaya, daular Asante kuma ta mayar da Salaga babbar kasuwar da take fitar da goronta zuwa arewa. Da yake shari'ar Musulunci ta haramta giya, goro ya samu gurbi a kusan kowace hidima, daga ɗaurin aure da raɗin suna har zuwa gaisuwar sarakuna, saboda haka bukatarsa ba ta yankewa. Duk da yawan ribar da ke cikinsa, ba kowane mai sha'awa ake bari ya shiga ba, domin fatake suna da tsayayyen ma'auni da suke auna saurayi da shi kafin su danƙa masa dukiya, kuma a wannan ma'auni kuɗin hannunsa ne abu na ƙarshe da ake dubawa.

Dalilin haka yana cikin yanayin tafiyar da kuma yanayin hajar. Ayari yakan tashi daga Kano ko Sakkwato ko Jega da kanwa da tufafi da kayan fata da busasshiyar albasa, ya ƙetare Kwara ta wajen Yawuri ko Illo, ya ratsa ƙasar Bargu da Jugu da Sansanin Mango da Yandi kafin ya sauka Salaga, kuma zuwa da dawowa yakan ci wata shida har zuwa shekara guda. Baturen nan Hugh Clapperton ya tarar da irin wannan ayari a Kaiama a 1826, ya kuma ƙiyasta mutanensa sun haura dubu, ban da dabbobin da ke ɗauke da kaya. A tsawon wannan hanya akwai 'yan fashi, akwai sarakunan da sai an biya su fito, wato kuɗin wucewa, sannan babu wata kotu guda da hukuncinta ya game dukkan ƙasashen da ake ratsawa. Wanda ya ba da dukiyarsa a Kano ba ya da hanyar sanin halin da take ciki sai ayari ya dawo, don haka abin da zai dogara da shi kawai shi ne mutumin da ya ɗauke ta.

Abu na farko da ake tambaya game da saurayi shi ne asalinsa, ma'ana gidan da ya fito da kuma mutanen da za su tsaya masa idan wani abu ya taso. Masanin tarihi Paul Lovejoy, a littafinsa na 1980 kan ayarin goro, ya nuna cewa ƙungiyoyi uku ne suka mamaye wannan fatauci: Agalawa da Tokarawa, waɗanda kakanninsu suka gangaro daga ƙasashen Buzaye suka zauna a karkarar Katsina da Kano, da kuma Kambarin Barebari, waɗanda suke danganta kansu da Barno kuma Gummi ta zama cibiyarsu. Waɗannan ƙungiyoyi suna auratayya a tsakaninsu, suna da tsagar fuska da ake gane su da ita, kuma ɗansu yakan tarar da masauki da lamuni a zangunan da bai taɓa takawa ba, saboda sunan mahaifinsa ya riga shi isa. Amfanin asali a nan na ciniki ne tsantsa, domin wanda ya ci amana ba shi kaɗai zai ɗauki abin kunyar ba, danginsa ne za a bi bashin, su kuma suna da hanyoyin ladabtar da shi da suka fi na alƙali tasiri. Wannan fifiko ne da abokin hamayya ba zai iya sayensa a kasuwa ba, ko da ya fi shi wuri.

Asali yana buɗe ƙofa ne kawai, abin da ke tsayar da mutum a cikin sana'ar shi ne ƙwarewa, kuma ita ba a samunta sai da bauta wa wani. Yaro yakan fara bin ayari a matsayin mai korar jakuna a ƙarƙashin mahaifinsa ko ubangidansa, yana koyon ɗaurin kaya da kiwon dabbobi da sanin mashaya. Goro haja ce mai rai wadda ba ta yafe sakaci: ana shirya shi cikin ganyen fita a ɗaure shi a huhu, kuma bayan 'yan kwanaki dole a kwance, a baje shi a inuwa, a bi shi ɗaya bayan ɗaya ana tsince wanda ya fara ruɓewa ko wanda sankara ta kama, wato ɓarnar da tsutsa ke yi masa daga ciki, sannan a yayyafa ruwa daidai gwargwado, a sauya ganyen da ya bushe, a sake ɗaurewa. Idan ruwan ya yi yawa goron ya ruɓe, idan ya yi kaɗan ya yanƙwane ya rasa daraja. Ubangida da ke zaune gefe yana kallon yadda yaro yake wannan aiki bayan doguwar tafiyar yini, lokacin da gajiya ta fi kiran mutum zuwa barci, yana samun labarin haƙurinsa da tsantseninsa fiye da duk abin da yaron zai faɗa da bakinsa. Haka kuma ake lura da iya ƙirgarsa, tun daga ƙwarya, wadda ita ce goro ɗari, har zuwa lissafin dubban wuri, da kuma yadda idonsa yake rarrabe sabon goro da daushe, wanda ya kwana biyu ya kuma fi tsada.

Sai bayan an gamsu da wannan ake zancen jari, shi ma ba a ba da shi gaba ɗaya. Da farko akan ba yaro ɗan abin da zai juya don kansa a gefen kayan ubangidansa, ko a bar shi ya yi koli, wato sayar da ƙananan kaya irin su allura da zare da duwatsun ado, a ga ko zai tattala uwar kuɗi ya ci daga riba, ko kuwa zai haɗa duka ya cinye. Wanda ya dawo da lissafi cikakke, har da bayanin asarar da ya yi ba tare da ɓoye-ɓoye ba, shi ake ƙara wa kaya a tafiya ta gaba. Fiƙihun Malikiyya da malaman ƙasar suke karantarwa ya tanadi ƙa'idar da ta dace da wannan hulɗa, wato ƙiradi, inda mai dukiya yake ba da jari, mai aiki ya ba da ƙarfinsa da basirarsa, a raba riba bisa kason da aka yi yarjejeniya tun farko, asarar da ba ta sakaci ba kuma ta faɗa kan mai dukiya. Tun da mai jari ne ke ɗauke da haɗarin, dole ya san wanda yake bai wa, kuma ta wannan hanya amana ta zama kadarar da talaka zai iya tarawa shekara bayan shekara har ta jawo masa kuɗin wasu. Hausawa na cewa sai da ruwan ciki ake jan na rijiya, kuma a wajen fatake wannan ruwan ciki shi ne shaidar da mutane suke yi wa mutum.

Wanda yake hangen shugabanci kuwa ana neman ƙarin abubuwa a wurinsa. Madugu, wato shugaban ayari, shi ke zaɓar hanya da ranar tashi, shi ke ciniki da sarakuna kan fito da gaisuwa, shi ke raba gardama tsakanin fatake, yana da jagaba mai wucewa gaba don duba hanya da masauki, da kuma malami mai rubuta wasiƙu da riƙe lissafi da yi wa ayari addu'a. Saboda haka karatun allo da iya rubutun ajami da jin harsunan hanya suna ɗaga darajar saurayi ƙwarai. Malam Umaru na Salaga, wanda aka haifa a Kano a 1858 ya rasu a Kete-Krachi a 1934, ya taso ne a cikin wannan hulɗa ta malanta da fatauci, kuma rubuce-rubucensa suna cikin abin da ake dogara da shi wajen sanin rayuwar Hausawan zango. A can ƙarshen hanya kuma akwai fatoma, wato maigidan da ke saukar da baƙin fatake, ya adana kayansu, ya haɗa su da dillali, ya kuma tsaya a matsayin lamuni idan an sayar bashi. Abner Cohen, wanda ya yi nazarin unguwar Sabo ta Ibadan ya wallafa sakamakonsa a 1969, ya tarar wannan tsari yana nan da ƙarfinsa a cinikin shanu da goro, inda masu gida suke ɗaga yaransu daga aike zuwa dillanci gwargwadon yadda suka gwada su.

Ingancin wannan ma'auni ya bayyana sarai lokacin da tsohuwar hanyar ta rushe. Turawan Ingila sun ci Asante da yaƙi a 1874, yaƙin basasa ya tarwatsa Salaga a 1892, goro ya koma bin jirgin ruwa zuwa Legas, sannan layin dogo ya iso Kano a 1911. Wanda dukiyarsa ta tsaya ga jakuna da sanin hanya guda ya durƙushe, amma wanda jarinsa yake cikin kansa da jama'arsa ya sauya haja ya ci gaba. Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877 cikin zuriyar Agalawa, misali ne bayyananne. Mahaifinsa ya rasu yana ƙarami, mahaifiyarsa ta koma Akkara, ya tashi a hannun wata tsohuwa mai suna Tata wadda sunanta ya bi shi, kuma abin da ya fi amfanarsa daga gado shi ne sunan gidan madugai da horon tattali. Ya yi cinikin goro ta hanyar teku, kuma da kasuwar gyaɗa ta buɗe a Kano daga 1912, kamfanonin Turawa, waɗanda suke da kuɗi amma ba su san ƙauyuka ba, suka ga ba makawa sai sun bi ta hannun irinsa. A 1918 ya zama mai saye wa Kamfanin Neja gyaɗa, yana raba kuɗi ga wakilansa bisa amana kamar yadda aka saba a fataucin goro, kuma a 1929, da bankin Turawa ya buɗe reshe a Kano, ya kai ajiyar kuɗin azurfa da aka ɗauko a kan raƙuma ashirin. Ya rasu a 1955 ana lissafa shi cikin mafiya arziki a Afirka ta Yamma.

Adalci ga tarihi yana bukatar a faɗi cewa wannan ma'auni bai yi wa kowa daidai ba. Da yawa daga cikin masu dakon kaya da korar dabbobi bayi ne, waɗanda ƙwarewarsu take ƙara wa iyayengijinsu dukiya, ko da yake wasunsu sun samu damar yin ciniki har suka fanshi kansu. Mata sun bi ayari suna dafa abinci suna kuma ƙananan cinikayya, matan kulle kuwa suna juya jarinsu daga cikin gida ta hannun yara masu talla da kuma adashi, amma shugabancin ayari da manyan lamuni sun kasance a hannun maza. Haka nan dogaro da asali ya toshe wa haziƙai da dama hanya don kawai ba su da wanda zai tsaya musu.

Duk da wannan naƙasu, tsarin ya gano wata gaskiya da ta shafi duk mai shirin kafa sana'a, a Kantin Kwari yake ko a Kasuwar Kurmi ko a zangunan Kumasi. Kuɗi da haja abubuwa ne da kowane abokin gasa zai iya samu, saboda haka ba su ne ke bambanta ɗan kasuwa da ɗan'uwansa ba. Abin da ke bambanta su shi ne sanin hajar ciki da waje, da jama'ar da za su ɗaga masa ƙafa ranar da ciniki ya karye, da juriyar wahala, da shaidar riƙon amana wadda ake ginawa a hankali. Fatake ba su bar wa saurayi shi kaɗai ya yanke hukunci kan cancantarsa ba, domin son zuciya yakan sa mutum ya kai kansa inda bai kai ba, sai suka ɗora aikin a kan waɗanda suka ga aikinsa kuma dukiyarsu ce za ta salwanta idan sun yi kuskure. Matashin da yake neman jari a yau zai amfana idan ya fara da tambayar da madugai suke fara yi, wato wa ya san aikinsa har zai yarda ya tsaya masa da dukiyarsa, domin amsar ita ce ke nuna ko lokacin karɓar kuɗin mutane ya yi, ko kuwa da sauran zama a gaban ubangida.