Tarihin rigar matse ƙugu

A garuruwan masarautar Yauri, irin su Yelwa da Wara da Shanga, kamar sauran ƙasar Hausa, al'ada ce mai jego ta ɗaure cikinta da zane bayan wankan jego, da nufin cikin ya koma yadda yake.

Sai dai a 'yan shekarun nan wani salon ɗaurin ya shigo, wato rigar matse ƙugu da ake kira koset, wadda teloli ke ɗinka wa amare a kayan biki.

Asalinta

Rigar dai ta samo asali ne daga Turai a ƙarni na 16, inda matan sarauta a ƙasashe irin su Italiya da Faransa suka riƙa sanya ta a ƙarƙashin tufafinsu.

Akan ɗinka ta ne da yadi mai kauri ninki biyu, a bar siraran hanyoyi a tsakani, sannan a zura tsinkaye masu ƙarfi domin rigar ta tsaya cak.

A da, ana samun tsinkayen ne daga wani abu mai kama da ƙaho da ke bakin wel, dabbar da ta fi kowace girma a teku. Daga baya aka koma ƙarfe, sannan roba.

Ta baya ake ɗaure rigar da igiya. A shekarun 1820 aka fara sanya zoben ƙarfe a hujojin igiyar, abin da ya ba da damar ja da ƙarfi ba tare da yadin ya yage ba.

Farin jininta ya ragu a lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya. A 1917 hukumomin Amurka sun nemi mata su daina sayen ta, saboda ana buƙatar ƙarfen wajen ƙera kayan yaƙi.

Amma a 1947, mai zanen tufafin nan na Faransa, Christian Dior, ya sake dawo da yayin siririn ƙugu.

Batun lafiya

Tun a ƙarni na 18 likitoci a Turai ke gargaɗi game da tsananta ɗaurin.

Matsin yakan hana huhu buɗewa sosai, ya jawo ƙwannafi, kuma idan aka daɗe ana yi, naman baya da na ciki kan yi rauni.

Haka kuma rigar ba ta narkar da kitse. Da zarar an cire ta, jiki kan koma siffarsa.

Likitoci kan bai wa matar da aka yi wa tiyatar haihuwa bel mai taushi domin tallafa wa ciki, amma wannan dabam yake da matsin da ke hana numfashi.