Daga Sambol zuwa Kundin 2025: Faransanci a Lakkwal

Tambayi duk dattijon da ya yi lakkwal a Kore Mairuwa, ko Tibiri, ko Dogon Dutsi, abin da ya fi tunawa da shi. Kafin ya ambaci littafin Mamadou et Bineta, sambol zai fara kawo maka: ɗan ƙashi ko guntun icce da ake rataya wa yaron da bakinsa ya suɓuce ya yi Hausa. Shi kuma sai ya kasa kunne, yana jiran wani ya yi kuskure ya sauke masa kaya. Wanda aka tashi yana ɗauke da shi, jikinsa ya gaya masa. Yaro ɗan shekara bakwai, jiya yana kiwon awaki, yau mushe yana yi masa lissafi cikin harshen da ko "zo nan" bai sani ba a cikinsa. Haka Nasara ya tsara abin, an fara koyar da yaro da Faransanci tun ba a koya masa Faransancin ba.

Samun 'yancin kan Nijar a 1960 bai taɓa wannan tsari ba. A Yamai ma aka kafa ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci a 1970, Diori Hamani na cikin iyayenta. Abdou Moumouni kuwa tun 1964 ya rubuta littafi yana kira da a fara wa yaro karatu da harshen da ya sha a nono. Sai 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta Hausa da Faransanci a Damagaram. Gwajin ya yi kyau, yaran sun riƙa kama karatu da wuri, amma aka bar shi da sunan gwaji shekara da shekaru, har dokar ilimi ta 1998 ta ba harsunan ƙasa gurbi a aji.

Daga nan yara suka yi yawa, kuɗi suka yi kaɗan. Aka cika ƙauyuka da azuzuwan zana da malamai 'yan kwantaragi, waɗansunsu su kansu Faransancin bai zauna musu ba (laifin na wanda ya tura su aji ba horo ne). Binciken PASEC na 2014 ya nuna ko ɗaya cikin goma na 'yan ajin ƙarshe na firamare a Nijar ba su kai matakin karatun da ake bukata ba.

A Maris 2025 Nijar ta fice daga waccan ƙungiya da aka haifa a Yamai, sabon kundin mulkin ƙasa kuma ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Ba'are, mutumin yankin su Dogon Dutsi, ya ji daɗi. Sai dai 'yar da ta shiga ajin farko na firamare (CI) bana, in Allah ya kai ta kwaleji, da Faransanci za ta tarar da littattafanta, da shi kuma za ta rubuta jarrabawar BEPC.