Tone-tonen Kayan Tarihi da Tsohon Alkawari

Ilimin tone-tonen kayan tarihi shi ne binciken abubuwan da mutanen dā suka bari a ƙasa: kufai, ganuwa, tukwane, kaburbura da rubutun kan dutse. Masana suna gwada su da labaran Tsohon Alkawari don su ga inda suka yi daidai.

Iyakarsa

Rijiyar Kusugu tana nan a Daura har yau. Duk wanda ya gan ta ya san akwai wurin da labarin Bayajidda ya ambata. Amma rijiyar ba za ta gaya masa wanda ya kashe macijin ba, ko yaushe. Haka tone-tone yake: yana ba da shaidar wuri, suna da zamani, amma ba ya auna mu'ujiza.

Abin da aka samu

Ramin ruwan Urushalima: 2 Sarakuna 20:20 ya ce Sarki Hezekiya ya jawo ruwa cikin birni. Akwai rami cikin dutse, tsawonsa kimanin mita 533, daga maɓuɓɓugar Gihon zuwa tafkin Siluwam. A 1880 aka gano rubutun Ibrananci a bangonsa game da haƙa shi.

Dutsen Mesha: an same shi a Dibon a 1868. Sarkin Mowab ya ambaci Omri, sarkin Isra'ila (dubi 2 Sarakuna 3).

Dutsen Tel Dan: an tono shi a 1993. Yawancin masana sun yarda yana ambaton gidan Dawuda.

Rubutun Sennakerib: sarkin Assuriya ya rubuta yaƙinsa na shekara ta 701 kafin haihuwar Almasihu. Ya ambaci Hezekiya da harajin da ya biya, amma bai ce ya ci Urushalima ba.

Inda ake gardama

Kathleen Kenyon ta tona Yariko daga 1952 zuwa 1958. Ta ce birnin ya rushe wajen 1550 kafin haihuwar Almasihu, tun kafin zamanin Joshuwa. Bryant Wood ya musanta wannan lissafi a 1990, amma yawancin masana suna bayan Kenyon.

Ga mai bi

Shaidu sun fi yawa a zamanin sarakuna, sun yi ƙaranci kafin wannan. Mu koyar da haka yadda yake. Kada mu yaɗa saƙonnin WhatsApp masu cewa an gano jirgin Nuhu, domin masana ba su tabbatar ba. Idan matashi ya gano ƙarya ɗaya a bakin malaminsa, sai ya yi shakkar sauran koyarwar. Maganar Allah ba ta bukatar shaidar zur.