Shekarar da Intanet Ta Shaƙe Kanta

A watan Oktoba na 1986, masu bincike a Kalifoniya ta Amurka suka ga abin da ya ɗaure musu kai. Yadi 400 ne kacal tsakanin cibiyar bincike ta Lawrence Berkeley da Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, amma gudun bayanai a tsakaninsu ya faɗo daga bit 32,000 a daƙiƙa zuwa 40, alhali waya ba ta tsinke ba, na'ura kuma ba ta ƙone ba.

Intanet kan yanka saƙo gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa ta tafi a matsayin ƙunshi. A ƙa'idar TCP, idan mai aikawa bai ji labarin isar ƙunshi ba, sai ya sake turawa. Da layi ya cika, na'urorin da ke tsakiyar hanya suka rasa wurin ajiya, suka riƙa zubar da ƙunshi. Kwamfutoci kuwa suka yi ta turo kwafinsa, har kwafi ya cinye hanyar. Tun 1984 John Nagle ya yi gargaɗi kan irin wannan durƙushewa.

Van Jacobson da Michael Karels suka bi diddigin matsalar, suka gano cewa aibin yana cikin tsarin kansa. A layukan waya da wuya ƙunshi ya ɓace saboda lalacewa, don haka ɓatansa kusan kullum alamar cunkoso ce. Maganin da aka bayyana a 1988 shi ne kwamfuta ta fara aikawa kaɗan, ta riƙa ƙarawa, da zarar ta ga asara kuma ta ja da baya sosai. Aka shigar da gyaran cikin manhajar BSD Unix, ya bazu.

Bayan shekaru, da ƙwaƙwalwar na'ura ta yi araha, masu ƙera rauta suka faɗaɗa rumbun da ƙunshi ke jira a ciki don kada ko ɗaya ya zube. Garin neman gira aka rasa ido: TCP ta daina samun gargaɗi a kan lokaci, layin jira ya yi tsawo, jinkiri ya ƙaru. Jim Gettys ya fito da wannan matsala fili a 2010. A 2012 Kathleen Nichols da Jacobson suka gabatar da CoDel, dabarar da ke zubar da wasu ƙunshi da gangan idan jira ya daɗe.

Saboda haka injiniyan da ya ga asara a sakamakon ping ko traceroute, wanda Jacobson ɗin ne ya rubuta shi, yana da tambaya kafin ya sauya waya: yaushe asarar ke aukuwa? Wadda ke zuwa dare da rana ba tare da la'akari da yawan masu amfani ba takan nuna waya, mahaɗi ko siginar rediyo. Wadda ke tashi sa'ad da jama'a suka yi yawa tana nuna layin da aka ɗora wa kayan da ya fi ƙarfinsa.